Daren da aka yi bara da sunana

Goggona ce ta fara zuwa. Gari bai gama wayewa ba muka ji ana dukan ƙofa, irin dukan wanda hankalinsa ba ya jikinsa. Maigida ya fita ya buɗe, sai ga ta tsaye, jikanta na riƙe da hannunta, don idonta ya daɗe da yin rauni. Tana jin muryata ta saki yaron ta lalubo ni. Ta shafa fuskata, ta shafa kafaɗata, ta sunkuya tana taɓa gwiwata.

"Ke ce tsaye da ƙafarki? Yaushe aka sallamo ku?"

Na ce, "Goggo, daga ina? Ai ni a ɗakina na kwana."

Ta ɗago a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "To, 'yar nan, wa na tura wa kuɗin idona?"

Shekara 2 ke nan da wannan safiya, amma har yau in na tuna tambayar sai gabana ya faɗi. Na daɗe ina ɓoye labarin saboda kunya. Abin da ya sa na yarda in faɗe shi yanzu shi ne har gobe ina jin mutane na cewa, "Ni me zan yi da wani kulle-kulle a waya? Ko sisi ba ni da shi a banki, me ɓarawo zai samu?" Ni ma haka nake faɗa a da. Kuma ko ƙwandala ba a cire daga asusuna ba. Sunana aka ɗauka, aka yi yawon bara da shi dare ɗaya a wurin mutanen da suka fi kowa ƙaunata.

Ni malamar makaranta ce, na shekara 19 ina koyarwa. A cikin danginmu ni ake kawo wa waya in ta rikice, ni ke buɗe wa tsofaffi WhatsApp, ni ke koya musu yadda ake danne alamar nan a yi saƙon murya. Na faɗi haka ne don kar wani ya ɗauka rashin sani ne kaɗai ke kai mutum ga wannan rami. Na san ba a ba kowa lambar sirri. Da bakina na sha faɗa wa ɗalibaina.

Ranar da abin ya faru takardun jarrabawa ne jibge a gabana, washegari za a miƙa sakamako, ga autana na fama da zazzaɓi yana ta rigima a jikina. Bayan la'asar waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka. Namiji ne, muryarsa a natse, ya yi sallama cikakkiya, ya kira ni Malama, ya haɗa da sunana. Ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu yake, ya ambaci sunan shugabarmu, har ya tambaye ni ko na ji labarin 'yar ajinmu da ke kwance ba lafiya. Na ji, kuwa, don a zaurenmu na WhatsApp an kwana biyu ana maganarta. Ya ce za a yi taro da daddare ta intanet a kan yadda za a taimaka mata, kuma kowa da lambar shigarsa, an turo mini tawa yanzun nan, in karanto masa ya sa sunana a jeri.

Yana rufe baki saƙon ya shigo. Na buɗe lasifikar wayar, na ja fuskarta ƙasa da ɗan yatsa ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da jan biro. Lambobi 6 ne, uku-uku, da ɗan layi a tsakaninsu. Na karanta masa. Ya maimaita, na ce haka ne. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malama, sai mun haɗu anjima." Daga baya na duba tsawon kiran: minti 1 da daƙiƙa 47.

A ƙasan lambobin nan akwai jimla guda, ƙarara, da ke cewa kar a ba kowa wannan lamba. Idona ya bi ta kanta bai tsaya ba. Kunnena na wurin mai magana, zuciyata na wurin yaro, lambobin kawai na je nema, su kaɗai na gani.

Sai daga baya ɗana na fari ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake, kuma ina ganin ya kamata kowa ya fahimce shi, don a nan dabarar take. WhatsApp ba ya tambayar mutum ko shi waye. Lambar wayarka ita ce shaidarka. Kowa a duniya na iya sauke manhajar a wayarsa ya rubuta lambarka, su kuma sai su aiko da lambobi 6 zuwa layinka don su tabbatar mai layin ne ke nema. Duk wanda ya shigar da lambobin nan, shi ne kai. Ashe lokacin da mutumin ke gaishe ni, lambata yake rubutawa a tasa wayar, shi ya sa saƙon ya faɗo daidai lokacin da ya ce zai faɗo. Sunana kuwa da na shugabarmu da zancen marar lafiya, duk a zaurenmu ya tsince su. Ya riga ya ƙwace asusun wata 'yar ajinmu, ya laɓe a ciki da sunanta yana karanta hirarmu. Zaure ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024, kuma kowa a ciki yana ganin lambar kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon ya daɗe da tsagewa ba mu sani ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, shi ne kuma wanda na fi jin zafinsa. Bayan magariba na buɗe WhatsApp sai na ga rubutu cewa lambata ba ta da rajista a wannan waya, wataƙila an yi mata rajista a wata. Na ɗauka rikicin sabis ne. Caji ya kusa ƙarewa, aiki na jirana, na ce bari in kashe ta in jona, da safe na duba. Na kashe wayar. Maigida kuma al'adarsa ce in zai kwanta ya cire wa tasa ƙara ya bar ta a falo. Da a daren nan na sake neman lambar tabbatarwa, da na kore shi kafin ya rubuta wa kowa komai. Sai na ba shi dare guda cur, ba mai tsawatawa.

Abin da ya yi a daren, daga wayoyin mutane na tattara shi daga baya. Ya bi zaurukan da nake ciki ɗaya bayan ɗaya, na dangi, na malamai, na iyayen yara, yana zaɓen mutane yana rubuta musu ta gefe. Hotona na nan a kan lambar, sunana na nan. Saƙon kusan iri ɗaya ne: na yi haɗari, ƙafata ta karye, za a shiga da ni tiyata amma sai an biya, manhajar bankina ta ƙi buɗewa, a taimaka a tura wa wata nas a wannan asusun, gobe da safe zan mayar. Ya ƙara da cewa kar a kira, ba na iya magana, maigida kuma yana tare da likita.

Mutane sun kira, mana. Suka ji wayata a kashe. Suka kira maigida, ba a ɗauka ba. Da safe ya tarar da kira 23. Wato da hannuna na gaskata ƙaryarsa. Duk wanda ya ji wayata a kashe sai ya ce lallai abin ya yi tsanani.

Mutum 7 suka tura. Akwai ƙanin maigida, akwai wata tsohuwar ɗalibata da na koyar tun tana ƙarama, akwai mahaifin wani yaro a ajina wanda ko hira mai tsawo ba mu taɓa yi ba. Sai Goggo. Jikanta ne ya buɗe mata WhatsApp, a wurin suna ya rubuta "Goggo" kawai, don haka ɓarawon bai sha wahala ba, ya fara saƙonsa da "Goggo, ki taimake ni." Yaron ya karanta mata. Ta ce ya tura duk abin da ke cikin asusun. Kuɗin da ta shekara tana tarawa ne za a cire mata yanar ido. Yaron ya ce sunan mai asusun baƙo ne, ta ce ai an ce na nas ne, ya tura kar a yanke wa 'yarta ƙafa.

Bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa wasu malamai abokan aikina cewa na yi kuskure na tura wata lamba zuwa layinsu, su taimaka su turo mini. Biyu suka turo. Kafin asuba su ma asusunsu ya tafi, aka shiga yi wa nasu dangin bara.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ba, wanda shi na fi kasa faɗa. Ina da aminiya tun muna 'yanmata. A lokacin aurenta na cikin wani hali, ni kaɗai take gaya wa. A daren nan, wajen ƙarfe 12, ta kasa barci ta aiko mini da saƙon murya na minti 6, tana kuka, ta faɗi abin da ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Tsofaffin hirarrakinmu bai gan su ba, don saƙonnin WhatsApp a cikin wayar mutum suke zama, wanda ya shiga daga wata waya ba ya samun na baya. Amma duk abin da ya shigo bayan ya karɓe asusun, hannunsa yake faɗawa. Ya saurara. Ya rubuta mata, "Ki yi haƙuri, Allah na nan." Bayan minti kaɗan ya turo mata lambar asusu. Ita ba ta tura ba, don nan take jikinta ya ba ta cewa ba ni ba ce, ni ba zan amsa kukanta da roƙo ba. Amma maganar ta riga ta fita, wani ƙato da ba mu san fuskarsa ba ya ji sirrin ɗakinta.

Da safiyar nan gidanmu ya cika. Wasu sun zo dubiya, wasu sun biya ta asibitoci suna nemana. Ina tsaye da ƙafafuna biyu ina ba kowa haƙuri. Ɗana, mai shekara 17 a lokacin, shi ne bai ruɗe ba. Ya karɓi wayar, ya sake shigar da lambata. Aka ce sai mun jira wasu awanni kafin a sake aiko da lambar tabbatarwa, saboda an nema da yawa. Ashe wannan ma da gangan ɓarawon ya yi. Muka ɗauki wayar maigida muka shiga kiran mutane ɗaya-ɗaya, kowa muna roƙonsa ya sanar a duk zauren da muke tare cewa ba ni ba ce, a cire lambata tukuna. Sai bayan azahar lambar ta shigo. Muna shigar da ita aka fitar da shi, don asusu ɗaya ba ya zama a kan manyan wayoyi biyu da rajista biyu.

Na ɗauka an gama. Sai wani shafi ya buɗe yana neman wasu lambobi 6 na daban, PIN, wanda ban taɓa sawa ba. Wannan shi ne tabbaci mai mataki biyu, kwaɗo na biyu da WhatsApp ya ba kowa tun 2017, kyauta, ba ya cin minti 2 wajen sawa. Na sha ganinsa a cikin saiti ina wucewa. Ƙofar da na bari ba kwaɗo, shi ya zo da nasa ya datse, ya bar ni a waje. Dokarsu ita ce in ba ka san PIN ɗin ba sai ka jira kwana 7. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne shi ma ba ya ciki. Asusun ya zauna ba kowa har mako ya cika.

Mun je banki, mun kai rahoto ga hukuma, kowa ya yi abin da zai iya. An ce kuɗin ba su kwana a asusun da aka tura ba, cikin mintuna aka rarraba su zuwa wasu. Na mutum ɗaya kawai aka samu tarewa, wanda ya tura daf da asuba. Mutumin kuwa har yau ban san ko waye ba. Wani lokaci in na ji murya mai natsuwa a waya sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Makon nan na jira ya yi mini tsawo. Ban iya haɗa ido da abokan aikina biyu ba. Akwai wanda ya ce, a gabana, "Ke da kike malama?" Ban ga laifinsa ba. Na rage cin abinci, na rage magana, dare ya yi in ta juya minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da bakwai ɗin nan a kaina. Ɗana ne ya zo ya zauna kusa da ni wata rana ya ce, "Umma, bari in ba ki wani labari." Ya ce ranar 15 ga Yulin 2020 an ƙwace shafukan Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk a Twitter, wanda yanzu ake kira X, aka rubuta da sunansu cewa duk wanda ya turo bitcoin, kuɗin nan na intanet, za a ninka masa. Shafuka 130 aka kai wa hari, mutane suka tura fiye da dala dubu 100. Jagoran abin yaro ne ɗan shekara 17 a jihar Florida ta Amurka. Kuma ba wata na'ura suka fasa ba, ma'aikatan kamfanin suka kira a waya, suka yi kamar abokan aikinsu ne, suka karɓi bayanan shiga. Ya ce, "Umma, mutanen da aikinsu ke nan dare da rana, da magana aka ci su." Labarin bai wanke ni ba, amma ya sa na gane abin da ya same ni. Ba wayata aka yi wa kutse ba. Ni aka karanta: an san ina da tausayin marar lafiya, an san ina jin nauyin wanda ya gaishe ni da ladabi, aka zo mini ta nan.

Ranar da na je gidan Goggo na durƙusa a gabanta na kasa magana. Da ƙyar na ce, "Goggo, ki yafe mini, sakacina ne."

Ta ce, "Tashi. Ni ba waya na tura wa kuɗi ba, ke na tura wa. In da gaske ne ƙafar taki ce fa? Da ido zan zauna ina kallon me?"

Na ce zan biya. Ta ce ba ta bi na bashi. Na ce na sani, amma zan biya. Maigida ya tsaya mini, Allah ya saka masa, bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya. Muka zauna muka rubuta sunan mutum shida da abin da kowa ya tura. Biyu suka rantse ba za su karɓa ba. Sauran muka riƙa cirewa daga albashi kowane wata, na Goggo a gaba. Wata 9 muka yi. Wata tara Goggo ta ƙara a cikin hazo saboda lambobi shida da na karanta ina riƙe da jan biro. Wasu sun ce a shari'a ba dole ba ne in biya, tunda ba ni na ci ba. Wataƙila haka ne. Ni dai na san da sunana aka karɓa.

Da asusun ya dawo hannuna, abin da na fara yi shi ne sa PIN nawa, na haɗa da imel ɗina don ko na manta. Daga nan na zauna na bi wayar tun daga farko, abin da ban taɓa yi ba tun da na saye ta. Abin da na gani ya tsorata ni fiye da satar kanta. Ga hoton katin bankin ƙanwata, gaba da baya, da ta turo mini wata rana in cire mata kuɗi. Ga sakamakon gwajin asibiti na wata 'yar'uwa. Ga hotunan katin shaidar mutane da na taya cike takardu. Ga sunayen ɗalibaina da lambobin iyayensu. Ga hotunan ƙawaye a cikin ɗakunansu, waɗanda don ni kaɗai aka turo. Ga saƙonnin aminiyata na shekaru. Duk wannan a cikin wayar da makullinta shekarar haihuwata ce, wayar da nake miƙa wa yara su yi wasa, wadda na taɓa bar wa mai gyara kwana biyu har da lambar buɗewa. Kaɗan ne nawa a ciki. Yawanci ajiyar mutane ce, amana ce aka ba ni, ni kuma nake yawo da ita a buɗe. Wannan ɓarawon daga nesa ya shigo, bai ga waɗannan ba. Da a hannu aka fizge wayar fa?

Na goge abin da ya kamata a goge, na kira masu shi na gaya musu. Na canza makullin. Na hana saƙo nuna abin da ke cikinsa in waya na kulle, don lambar banki ko ta WhatsApp na iya faɗowa wani ya karanta ba tare da ya buɗe komai ba. Hotona na mayar sai wanda ke cikin lambobina zai gani, zaure kuma ba mai jefa ni sai wanda na sani. Na fita daga zauruka fiye da goma da ban ma san ranar da na shiga ba. Akwai wurin da ke nuna na'urorin da aka haɗa da asusun mutum, har guda 4 ake iya haɗawa, kuma wanda ya riƙe wayarka minti ɗaya zai iya haɗa tasa ya riƙa karanta hirarka kana nan zaune. Yanzu duk ranar Juma'a sai na leƙa wurin.

Layin kansa ma ashe yana da nasa makulli. Ban sani ba sai da ɗana ya nuna mini. In an sace waya, ɓarawo ba ya bukatar buɗe ta. Sim zai zare ya sa a wata, duk lambobin sirri na banki su riƙa zuwar masa. In ka sa wa sim PIN, ko an sa shi a wata waya ba zai yi aiki ba. Sai dai a yi hattara, don ni garin sawa na kusa rasa layin: in ka yi kuskure sau 3 yana rufewa, sai da wata lamba mai 8 da ake kira PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, ita kuma in aka yi kuskurenta sau 10 layin ya mutu ke nan. Allah ya sa maigida mai adana takardu ne, ya nemo katin a cikin wata tsohuwar ambulan. A ranar muka danna *#06# a kowace waya ta gidan, lambar shaidar wayar mai 15 da ake kira IMEI ta fito, muka rubuta a littafi, don ita ake tambaya in waya ta ɓata.

Amma duk waɗannan maɓallai ne. Abin da ya fi su shi ne yarjejeniyar da muka yi a dangi, kuma Goggo ce ta kawo ta. Ta ce daga yau duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, ko waye shi, ba a tura ba sai an ji muryarsa, kuma mai bayarwa ne zai kira, a lambar da ya sani. In wayar a kashe take, a nemi wanda ke kusa da shi, ko a taka a je. Ɗana ya ce murya ma yanzu ana ƙera ta. Ya ba mu labarin wani ma'aikaci a Hong Kong da 'yan sanda suka bayyana a farkon 2024, wanda ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa, ashe duk fuskokin da muryoyin na bogi ne, kwamfuta ce ta haɗa su. Goggo ta yi shiru, can ta ce, "To a tambaye shi abin da kwamfuta ba ta sani ba. Ni in ke ce, zan tambaye ki sunan da kakarki ke kiranki." Aka tsaya a kan haka.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne yadda muke jin nauyin tambaya. Mutum ya gwammace ya yi asara da a ce ya zargi ɗan'uwansa. Su kuma masu wannan sana'a sun san haka sarai, shi ya sa kullum maganarsu gaggawa ce da asibiti da "kar ka gaya wa kowa". Ni yanzu na ce wa kowa nawa: in saƙo ya zo da sunana, ku tuhume ni, ba zan ji haushi ba. Haka nan na daina tura wa mutane mahaɗin nan na "danna ka samu kyautar data" ko "cike ka samu tallafi", wanda a da nake watsawa da niyyar alheri ban san inda yake kai mutane ba. A aji kuma, duk zangon karatu sai na ɗauki darasi guda na ba ɗalibai wannan labari da bakina, da sunana, ba na cewa wata mata ce.

Bayan kamar shekara guda aka sake kirana. Wata murya ce daban, mace, ta ce daga banki, wai za a rufe asusuna yau in ban karanto lambar da aka turo ba. Hannuna ya ɗauki rawa kamar ranar farko. Na ce mata zan zo da kaina. Ta ce ai kafin in iso an rufe. Na kashe kiran, na zauna na karanta saƙon tun daga harafin farko har na ƙarshe. Jimlar nan tana nan a ƙasa, inda take tun da.

An yi wa Goggo aikin ido, alhamdu lillahi. Ranar da aka cire mata bandeji ina wurin. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ashe na yi furfura.

Aminiyata kuwa ba ta taɓa cewa na yi mata laifi ba. Muna gaisawa, muna zumunci, in an yi rashi ko haihuwa tana zuwa. Amma tun daga daren nan ba ta sake aiko mini da saƙon murya ba, ko na gaisuwa, kuma zancen gidanta ya ɗauke tsakaninmu ɗif. Ban matsa mata ba, ba ni da bakin matsawa. Sai makon da ya wuce, da yamma, na ji sallamarta ba tare da ta sanar da zuwanta ba. Muka shiga ɗaki. Ta ciro wayarta daga jaka ta kashe, ta dubi tawa. Na kashe, na kai su falo duka biyun na ajiye, na dawo na turo ƙofa. Ta gyara zama, ta ce, "Kin san rabona da barci kwana uku ke nan?"